Daga Asuba Zuwa Rufe Tasha: Shirye-shiryen Rediyon Hukuma a Bagudo da Bakin Iyakar Benin, 1962 zuwa 1992

Tsakanin shekarar 1962, lokacin da aka buɗe gidan rediyon Kaduna, da shekarar 1992, lokacin da dokar soja ta ba 'yan kasuwa izinin mallakar tashoshi, babu wata tashar rediyo a Nijeriya da ba ta hukuma ba. Mutumin da ke zaune a Bagudo ko Illo ko Ka'oje a waɗannan shekaru talatin, daga bakin gwamnati yake jin labarin duniya da farashin taki da tafsirin azumi da waƙar Shata. Sai dai zamansa a bakin iyaka ya ba shi abin da mazauna tsakiyar ƙasa ba su samu ba sosai: da murɗa allurar akwatinsa kaɗan, sai ya faɗa hannun wata gwamnatin dabam. Wannan maƙala ta tattaro tarihin tashoshin da ake kamawa a yankin, da irin shirye-shiryen da suke cika yini da su, da abin da ya rage daga cikinsu a yau.

Yankin da masu sauraronsa

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana yammacin Jihar Kebbi, a cikin masarautar Gwandu, kuma Kogin Kwara ya ratsa ta jim kaɗan bayan shigowarsa Nijeriya. Manyan garuruwanta sun haɗa da Bagudo da Illo da Lolo da Ka'oje da Zagga da Kende da Tsamiya. A ƙetaren iyaka akwai jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin, inda Madikali da Malanbil da Segbana suke, sannan garin Gaya na Jamhuriyar Nijar yana can gaba kaɗan a bakin kogin. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a ranar 14 ga Yuni, 1898 ce ta shata iyakar, ta bar Illo a hannun Ingilishi, ta raba dangi da kasuwanni da mashayar dabbobi gida biyu.

Hausa ce harshen kasuwa, amma ba ita kaɗai ake ji ba. Akwai Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci, akwai kuma Kyanganci da Busanci, waɗanda masu su suka daɗe a yankin. Noma da kiwo da su da fatauci su ne sana'o'in jama'a. Ta fuskar mulki kuwa, yankin ya sauya uwar gijiya sau da dama: yana Lardin Sakkwato a Jihar Arewa, ya koma Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sai Jihar Sakkwato a 1976, sannan Jihar Kebbi daga 27 ga Agusta, 1991. A duk waɗannan shekaru hedikwata tana nesa, jarida ba ta isowa sai ta kwana, masu karatun boko kaɗan ne, wutar lantarki kuma babu ita a mafi yawan ƙauyuka. Ƙaramin akwatin rediyo mai aiki da batir, wanda ya yawaita daga shekarun 1960, shi ya cike wannan giɓi.

Tashoshin da ake kamawa

Kafin wannan zamani, rediyo kayan birni ne. A ƙarƙashin mulkin mallaka an riƙa jan waya daga tasha zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da dandali, kuma Kano ta samu irin wannan tsari a 1944. Wayar ba ta kai ƙauye ba. An kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa, NBC, a 1957, amma abin da ya sauya al'amura a karkarar Arewa shi ne kamfanin BCNN da gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila, wanda ya fara aiki a Maris 1962. Shi ne jama'a suka sani da Rediyo Kaduna. Da yake yana watsa shirye-shiryensa a kan gajeren zango, a mita 49, muryarsa tana wuce Nijeriya ta shiga Nijar da Dahome da Gana da Kamaru da Chadi. Bayan an raba Arewa jihohi shida a 1967, gidan ya ci gaba da zama mallakarsu ta haɗin gwiwa, har zuwa 1978 da gwamnatin soja ta Obasanjo ta karɓe shi ta mai da shi reshen hukumar FRCN.

Wannan sauyi na 1978 ya zo da wani abu na biyu. An miƙa wa jihohi tashoshin da ke hannun NBC, aka taƙaita su ga matsakaicin zango, aka keɓe gajeren zango ga gwamnatin tarayya. A Sakkwato tashar jiha ita ce Rima Rediyo, wadda ta zama muryar gwamnatin da ke mulkin Bagudo har zuwa 1991. Matsakaicin zango ba ya cin nisa da rana kamar yadda yake yi da dare, don haka a garuruwan da suka yi nisa da babban birnin jiha, Kaduna ce ta fi tabbas.

Daga arewa akwai rediyon Nijar, wanda aka kafa a 1958, daga baya aka sa masa suna Muryar Sahel. Yana magana da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da wasu harsunan ƙasar. Daga yamma akwai rediyon Kwatano, wanda a zamanin Mathieu Kerekou, da ya karɓi mulki a 26 ga Oktoba, 1972, ake kira Muryar Juyin Juya Hali. A shekarun 1980 aka ƙara tashar Paraku domin arewacin Benin, mai shirye-shirye da Barbanci da Dandanci da Fulatanci. Ga mai jin Dandanci ko Zabarmanci a Lolo ko Illo, tashoshin maƙwabta sun fi Kaduna kusa da harshen gidansu.

Sai kuma tashoshin ƙetare, waɗanda su ma na hukumomin ƙasashensu ne. Sashen Hausa na BBC ya fara a 13 ga Maris, 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Muryar Jamus da rediyon Sin sun fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Masko da Alƙahira ma suna da nasu sassan. A zamanin yaƙin cacar baka, manomi ɗaya yana iya jin labari guda daga bakin Landan da Masko a dare ɗaya, ya auna da kansa.

Yadda yini yake tafiya

Tsarin yini a tashoshin Arewa ya bi tsarin rayuwar masu sauraro. Ana buɗe tasha da asuba da karatun Alƙur'ani da addu'a, sai labaran safe, sai sanarwoyi. Hantsi lokacin shirye-shiryen mata ne da na makarantu da kiɗa, domin maza sun tafi gona ko kasuwa. Bayan azahar ake sako gaishe-gaishe da shirye-shiryen yara. Manyan shirye-shirye, wato sharhin labarai da wasan kwaikwayo da hira da shugabanni, ana ajiye su sai bayan magariba, lokacin da aka taru a ƙofar gida ko wurin mai shayi. Wajen tsakar dare a rufe tasha da taken ƙasa.

Abin lura a nan shi ne tasha ɗaya ce take ɗauke da wannan duka. Ba a ware tashar kiɗa dabam, ta addini dabam, ta siyasa dabam. Wanda ya kunna domin ya ji waƙa, dole ya ratsa ta cikin bayanin rigakafin ƙyanda kafin ta zo, wanda kuma ya zauna jiran tafsiri yakan ji sanarwar ranar fara sayar da taki.

Labarai da sanarwa

Labarai iri biyu ne: na ƙasa da ake haɗawa da Legas da Turanci, da na Hausa da Kaduna take karantawa. Bayan su akwai shirye-shiryen rahotanni irin su Barka da Yau da Jakar Magori, inda wakilai daga larduna suke aiko da abin da ya faru a garuruwansu. Kaduna tana kuma da filaye na Fulatanci da Barbarci da Nufanci. A waɗannan ɗakunan fassara ne aka daidaita yawancin kalmomin siyasa da mulki da Hausar yau take amfani da su.

Sanarwa kuwa ita ce wayar tarhon talaka. Rasuwa da ɗaurin aure da naɗin sarauta da cigiyar yaro ko dabba da kiran ɗalibai su koma makaranta, duk ta rediyo suke bi. Haka ma ganin watan azumi da na salla, wanda ake jiran sanarwarsa daga fadar Sarkin Musulmi.

Addini

Daga ƙarshen shekarun 1960, Rediyo Kaduna ya riƙa watsa tafsirin da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi yake gabatarwa a Masallacin Sultan Bello a watan Ramadan. Daga baya aka ba Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi nasa filin. Ta haka muhawarar da ke tsakanin Izala da ɗariƙu ta isa zaurukan da ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin malaman biyu ba. Tarihin sauyin addini a Arewa ba ya cika idan an cire wannan fili na rediyo. Ranar Lahadi kuma akwai shirye-shiryen mabiya addinin Kirista, kamar yadda tsarin tashar hukuma ya tanada.

Noma, kiwo da wayar da kai

Sashen yaɗa sakamakon binciken noma na Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana shirya darussa da Hausa a kan iri da taki da maganin ƙwari da adana hatsi, ana watsa su daidai da lokutan damina da kaka. Ga yankin da malamin gona ɗaya yake kula da ƙauyuka masu yawa, wannan fili ya yi aikin da mutum ba zai iya yi da keke ba. Makiyaya sun samu nasu kason daga baya, bayan kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, wadda a shekarun 1990 ta fara shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyo Kaduna.

Duk wani babban sauyi da gwamnati ta kawo, sai ya bi ta rediyo da waƙa da wasan kwaikwayo. Haka aka yi da komawa tuƙi a hannun dama a Afrilu 1972, da sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a Janairu 1973, da shirin ilimin firamare kyauta da na ciyar da ƙasa a 1976, da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, da MAMSER a 1987. Ga mutanen bakin iyaka waɗannan sanarwoyi sun shafi aljihu kai tsaye. A Afrilu 1984 gwamnatin Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki a canza tsofaffi, ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe su ba sai a Maris 1986. Bafataken da ke da tsofaffin takardu a Malanbil ko Gaya, jin sanarwar da wuri ko a makare shi ne bambancin tsira da jari da rasa shi.

A Nijar an ɗauki wata hanya da ta cancanci ambato. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙauyuka, inda jama'a suke taruwa su ji shiri, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a mayar Yamai a watsa.

Kiɗa da wasan kwaikwayo

Rediyo Kaduna ya naɗi makaɗan Hausa masu yawan gaske, kuma shi ya fitar da su daga fada da dandali zuwa kunnen kowa. Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge da Haruna Uji duk ta nan aka san su a wuraren da ba su taɓa zuwa ba. Ibrahim Narambaɗa ya ci gaba da rayuwa a faifai shekaru bayan rasuwarsa. Ƙasar Kabi da Yawuri ta ba da Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo, masu kiɗan fada. Waƙar noma da ta dambe da ta 'yan tauri kowacce tana da lokacinta.

A fagen wasan kwaikwayo, Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan ya yi tashe har aka mai da shi littafi. Duniya Budurwar Wawa da Basafce sun daɗe ana sauraronsu. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya mai da rayuwar bariki abin dariya a zamanin da soja suke mulki, da Hausar soja mai gauraye da Turanci. Cikin raha irin wannan ake faɗa wa hukuma abin da ba a iya faɗa mata a filin labarai.

Zaɓi Sonka

Babu shirin da ya nuna girman dangantakar tasha da jama'a kamar Zaɓi Sonka. Mai sauraro yakan sayi kati, ya rubuta sunansa da garinsu da sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya aika, ya jira ranar da za a karanta. Daga nan aka samu ƙungiyoyin 'yan Zaɓi Sonka masu shugabanni da taruka, waɗanda suke ziyartar juna daga gari zuwa gari har da ƙetare iyaka. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sun san sunayen juna tsawon shekaru. Tashoshin ƙetare suna da irin wannan fili na amsa wasiƙu, inda ake tambayar tarihin ƙasashe da shugabanni. Duk abin da ake kira sada zumunta a intanet yau, an yi shi a nan da kati da kan sarki.

Siyasa da iyakar 'yanci

Yawan shirye-shirye bai zama yawan ra'ayoyi ba. Tashar ta mai mulki ce, kuma shi ake fara ambata a labarai. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, tashoshin jihohi sun zama bakin jam'iyyar da ke mulkin jiha, gwamnatin tarayya ta NPN kuma ta buɗe nata tashoshin a jihohin 'yan adawa domin ramuwa. Sakkwato tana hannun NPN a ƙarƙashin Shehu Kangiwa, sannan Garba Nadama, don haka tashar jiha da ta tarayya bakinsu ɗaya. A 1984 Doka ta 4 ta ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, kuma ma'aikatan rediyon hukuma sun fahimci saƙon. Duk da haka filayen hira irin su Hannu da Yawa sun saba wa jama'a da jin ana yi wa gwamna ko minista tambaya da Hausa, yana amsawa.

Rediyo ne kuma dandalin juyin mulki. Manjo Chukwuma Nzeogwu ya yi jawabinsa na 15 ga Janairu, 1966 daga Rediyo Kaduna. Taken soja da safe ya zama alamar da kowa ya gane a 1975 da 1976 da 1983 da 1985. A ranar 22 ga Afrilu, 1990 Manjo Gideon Orkar ya sanar daga Legas cewa an cire jihohi biyar daga Nijeriya: Sakkwato da Katsina da Kano da Bauci da Barno. Bagudo tana cikin Sakkwato a lokacin, don haka na tsawon wasu sa'o'i mutanenta suka ji ta rediyo cewa su ba 'yan ƙasa ba ne, kafin a murƙushe yunƙurin a ranar. Wata biyu kafin haka, a Fabrairu 1990, rediyon Benin ya watsa babban taron ƙasa na Kwatano kai tsaye, taron da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. Mai jin Faransanci a bakin iyaka ya saurari yadda farar hula suke ƙwace iko daga hannun soja da magana, alhali a gida ana ta ɗage ranar miƙa mulki.

Yadda tsarin ya sassauta

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da dokar 1988 ta mai da hukumomin gwamnati na kasuwanci sun tilasta wa FRCN neman wani kaso na kuɗin gudanarwa da kanta. Daga nan filaye suka koma na sayarwa, har labari ma sai an biya a ɗauka. Doka ta 38 ta 1992 ta kafa hukumar kula da kafofin watsa labarai, ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Rediyo a Kano a 2003. Tashoshin FM sun kawo 'yancin magana da kiran waya kai tsaye, amma zangonsu gajere ne, kuma suna zama inda masu talla suke, wato manyan birane. Kebbi ta kafa tata tashar bayan 1991, FRCN kuma ta buɗe Equity FM a Birnin Kebbi. A daidai wannan lokaci manyan na'urorin gajeren zango na Kaduna suka tsufa, muryar da take kaiwa Gana ta riƙa ɗaukewa.

Benin ta saki harkar rediyo a 1997, kuma ta ba ƙananan tashoshin al'umma dama, har garuruwa irin su Segbana da Banikowara suna da nasu masu magana da harsunan wurin. Nijeriya ba ta ba da lasisin rediyon al'umma ba sai a 2015, guda 17 a faɗin ƙasa.

Abin da ya sa batun bai tsufa ba

Bakin iyakar Kebbi da Alibori ya zama yankin da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suke kai-komo, kuma an sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A irin wannan hali jita-jita tana tafiya a WhatsApp cikin minti, sahihin bayani kuwa yana buƙatar tashar da aka amince da ita. Amma tashoshin suna raguwa. Sojojin Nijar sun dakatar da RFI a Agusta 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. A Maris 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru bayan umarnin fadar White House. A gida kuma, a Agusta 2022 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, da yawansu na gwamnatocin jihohi, kafin ta dakatar da matakin. A Oktoban shekarar gwamnatin Zamfara ta rufe wasu tashoshi saboda sun ɗauki taron 'yan adawa.

Tsohon tsari yana da aibin da ba a ɓoye shi: bakin gwamnati ne, kuma Kyanganci da Busanci ba su samu gurbi a jadawalin Kaduna ba. Amma ya ɗauki nauyin kai darasin noma da na lafiya da labarin ƙasa ga wanda ba shi da kuɗin da mai talla zai nema. Har yanzu ana ware wa gidajen rediyon jiha da na tarayya kuɗi a kasafin kowace shekara. Mai son sanin ko kuɗin yana aikinsa yana iya duba abubuwa a fili: ko ana kama tashar a Lolo da Tsamiya, awa nawa take ba noma da lafiya idan an kwatanta da filayen da 'yan siyasa suka saya, da harsuna nawa take magana, da kuma ko ɗan adawa yana samun shiga ba tare da ya biya ba. Waɗannan tambayoyi ne da za a iya kai wa ɗan majalisar jiha mai wakiltar Bagudo a lokacin kare kasafi.